Yadda cutar kaska ke hana ƙwayar jinin saniya mutuwa

Tambaya: Likita, na ji an ce ƙwayar halittar jiki idan cuta ta shige ta takan kashe kanta don sauran jiki ya tsira. To yaya wasu cututtukan shanu ke zama cikin ƙwayar jini har su hayayyafa?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Ana kiran wannan mutuwar ganganci afotosis. Ƙwayar takan tsuke, ta daddatse kanta, dakarun jiki su zo su share wurin tare da baƙon da ke ciki. Sai dai akwai baƙin da suka san makamar hana hakan, kuma a cikin shanu babu gwani kamar Theileria, wata ƙwayar cuta da kaska ke yaɗawa.

Iri biyu ne suka fi ɓarna. Theileria parva tana Gabashi, Tsakiya da Kudancin Afirka, ita ke kawo zazzaɓin da ake kira na Gaɓar Gabas, kaskar da ke maƙalewa a kunne ce ke ɗauke da ita. Theileria annulata kuwa ta fi yawa a Arewacin Afirka, Gabas ta Tsakiya har Indiya. Kaska na cizo, cutar sai ta faɗa cikin fararen ƙwayoyin jini, wato masu gadin gidan da kansu.

Da shigarta sai ta narkar da jakar da ta lulluɓe ta, ta baje a tsakar ƙwayar, inda hannunta zai kai ga komai. Akwai wani furotin mai suna NF-kB, wanda aikinsa ba da umarnin "kada a mutu". A ƙa'ida yakan tashi na ɗan lokaci ne ya koma ya kwanta. Theileria takan tara furotin ɗin da ke tada shi, IKK, a jikinta, sai NF-kB ya ƙi kwanciya dare da rana. Shi kuwa p53, wanda ke yanke wa ƙwaya hukuncin mutuwa idan ta lalace, cutar takan riƙe shi a gefenta, ta hana shi isa cibiyar ƙwayar inda zai zartar da hukuncin. An ɗaure alƙali ke nan, an bar mai roƙon afuwa yana ta magana.

Abin da ya fi ba ni mamaki bai tsaya nan ba. Cutar takan sa ƙwayar ta riƙa rabuwa ba ƙaƙƙautawa, tamkar ciwon daji. Duk lokacin rabuwa sai ta kama zaren da ke raba kayan gado, a ja ta gida biyu, kowace sabuwar ƙwaya ta tashi da rabonta. Ba ta ma buƙatar fitowa fili. Shi ya sa makiyayi zai fara ganin kaluluwa a ƙarƙashin kunnen da kaska ta ciza, sai zazzaɓi, daga baya huhu ya cika da ruwa, kumfa na fita ta hanci. Saniyar da ba a kula da ita ba takan mutu cikin mako 3 zuwa 4.

Amma duk wannan iko na aro ne. A zuba maganin bufabakwan kan waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji, da zarar cutar ta mutu sai su daina rabuwa, mafi yawansu su mutu cikin 'yan kwanaki. A 2015 masu bincike sun gano wani furotin da T. annulata ke fitarwa, TaPIN1, wanda ke taimaka wa wannan rabuwa, kuma maganin yana toshe shi. An kuma samu irin cutar da ke bijire wa maganin a Tunisiya da Sudan.

Wasu ƙwayoyin cutar, wato Toxoplasma da Neospora mai sa shanu ɓari, su ma suna jinkirta mutuwar ƙwaya, amma ba sa tilasta mata rabuwa irin haka. Idan ka ga kaluluwa da zazzaɓi a saniya bayan cizon kaska, kira likitan dabbobi a ranar, tun huhu bai taɓu ba.