Iska mai sanyi tana gangarowa ta bututun hayaƙi

Ka ce tun shigowar hunturu a Ingila iska mai sanyi take gangarowa ta bututun hayaƙi zuwa falonka. Fara duba marufin ƙarfen da ke can cikin wuyan bututun: galibi a buɗe aka bar shi, ko zafi ya lanƙwasa shi ba ya rufuwa ruf. Rufe shi, ka kunna kyandir a bakin murhun ɗumama ɗakin da ke ƙasan bututun. In harshen wutar ya karkato cikin ɗaki, iska na yoyo. Sai ka sa balan-balan ɗin toshe bututu da ake sayarwa, ka bar 'yar kafa saboda danshi.

Sau da yawa laifin ba na bututun ba ne. Fankar kicin ko ta banɗaki tana zuƙe iskar gidan, sai gidan ya jawo wata ta bututu. Kashe fankar, ka ɗan buɗe taga, ka gani. Kafin hura wuta, cire balan-balan ɗin, ka buɗe marufin, ka ƙona nannaɗaɗɗiyar jarida a bakin bututun minti 2 don ya ɗumama. Amma in murhun gas ne, kada ka toshe bututun ko kaɗan. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa.