Sitiyarin mai da na lantarki a motocin gudu

Ɗana, jiya muna wanke hannu ka tambaye ni abin da ya sa masu motocin gudu ke kuka da sitiyarin lantarki, alhali ya fi na mai sauƙin kulawa. To, matso kusa ka ji.

Fara da abin da hannunka ya sani. A sitiyarin mai, injin ne ke jan famfo da bel, famfon ya tura mai cikin rak, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba dama ko hagu, man ya taya direba juya tayoyi. Famfon nan ba ya hutawa: ko kana kan miƙaƙƙiyar hanya yana cin ƙarfin injin. Ga yoyon tiyo, ga kukan famfo idan mai ya yi ƙasa. Na lantarki kuwa, sensa ce, wato ƙaramar na'urar awo, ke auna ƙarfin da ka sa, kwamfuta ta umarci ƙaramin injin lantarki ya taya ka, kuma sai an juya yake jan wuta sosai.

Amma mai motar gudu ba sauƙi yake nema ba. So yake tayoyin gaba su yi masa magana. Idan ya shiga kwana da gudu, sitiyari yakan yi nauyi, sannan dab da taya zai saki kwalta sai ya ɗan yi sakayau a hannu. Wannan sakayau ɗin shi ne gargaɗinsa. A na mai, saƙon yakan iso tafin hannu kusan yadda ya taso. A na lantarki, dole ya ratsa nauyin ƙaramin injin lantarkin nan da gogayyar haƙoran giyarsa, kuma kwamfuta takan tace girgizar da ta ɗauka damuwa ce. Nan labari ke ɓacewa a hanya, musamman in an ɗora injin a kan sandar sitiyari. Shi ya sa motocin gudu masu kyau suke ɗora shi a jikin rak.

Da Porsche ta fito da sabuwar motarta 911 a 2011 da sitiyarin lantarki, masoyanta sun yi ta gunaguni, daga baya kamfanin ya yi ta gyara saitin har bakin masu gunaguni da yawa ya mutu. BMW ta bi sahu da M3 a 2014, Ferrari kuma da 812 Superfast a 2017. McLaren ta riƙe mai a 720S, sai dai lantarki ke juya famfon, ba bel ba. Lotus ma mai ta sa wa Emira.

Ni dai, gaskiya, hannuna ya fi son na mai, da shi na girma. Amma kada son raina ya hana ka koyon na lantarki, don shi ne zai cika maka gareji. Motar da ke riƙe kanta a layi, galibi da shi take aiki.

Abin da na fi so ka riƙe: idan aka kawo maka mota ana cewa sitiyarinta ya mutu a hannu, wato ba ya kawo saƙon taya, kada ka yi saurin ɗora wa lantarki laifi. Duba iskar taya da irin tayar. Girgiza tayarod da boljoyin, wato gaɓoɓin da ke haɗa taya da rak da jikin mota, ka auna alaimen. Sannan ka gwada batir da altaneta, domin wuta in ta yi rauni, sitiyarin kan yi nauyi ko ya kunna fitilar gargaɗi. Sai ka gama wannan duka za ka jona kwamfuta. In kuma ka taɓa rak ko alaimen, kada motar ta fita sai ka sake saita sensar kusurwar sitiyari.