Inji a gaba, a tsakiya ko a baya: wanne ya dace da Damagaram?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, tun ina yaro nake sha'awar motocin gudu. Yanzu Allah ya hore, ina so in sayo ta hannu daga Dubai. Abokina ya ce in ba mai inji a tsakiya ba ce, kuɗina na zubar. Haka ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma maganarsa ta filin tsere ce. Inji ne ya fi komai nauyi a mota. In aka dasa shi tsakanin kujerar direba da tayoyin baya, nauyi yakan taru a tsakiya, mota ta sha kwana cikin sauƙi, tayoyin baya su kama ƙasa in an taka ta. Lamborghini Miura ta 1966 ce ta yi fice da wannan tsari, Chevrolet Corvette ma da ta yi shekara sama da 60 da inji a gaba ta koma gare shi a 2020.

To, mu dawo gida. Injin tsakiya a rufe yake, iska ba ta samunsa kai tsaye, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe lagireto. Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Hannun makaniki ba ya isa ko'ina. A Ferrari F355 sai an sauke injin ɗungurungum kafin a canza bel. Wane gareji ne a Zango zai ɗauki wannan aiki? Irin wannan mota galibi kujera biyu ce kawai, cikinta kuma dab da ƙasa, rami ɗaya a hanyar Tanut ya isa ya fasa shi.

Porsche 911 kuwa tun 1964 injinta na bayan tayoyin baya, kusan kashi 60 na nauyinta yana can. Tana da saurin tashi da kyan birki, amma tsofaffinta in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayanta kan zame. Inda yashi ke hawa kan gudurun, wannan ba abin wasa ba ne.

Shawarata, nemi mai inji a gaba da ke tura tayoyin baya, kamar Toyota Supra ko BMW mai silinda 6 a jere. Irin wannan inji ba ya jijjiga, domin motsin fistan ɗinsa na daidaita juna, kuma da an buɗe gaba komai na fili. In rurin V8 (inji mai silinda 8) kake so akwai Ford Mustang, sai dai ka shirya wa kuɗin mai. Kafin ka biya, tura wa makanikinka lambar injin, ya bincika ko ana samun kayanta a Kano.