Mu jawo wutar NEPA ko mu karɓi tashar sola? Tambaya daga ƙasar Suru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙaramar hukumar Suru, Jihar Kebbi. Garin ya kai gida 300, kuma tsakaninmu da layin wuta mafi kusa kilomita 12 ne. Wani kamfani ya zo yana neman kafa mana tashar sola, kowa ya riƙa sayen wuta da kati, amma kuɗin yunit ɗinsu ya fi na NEPA. Dattawa kuwa sun ce gara a yi karo-karo a sayi taransifoma a jawo wutar gwamnati. Wanne ya fi mana, musamman marasa ƙarfi daga cikinmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. A wannan nisa da ka faɗa, tashar sola ce ta fi muku, amma da sharaɗi: sai garin na da sana'o'in da za su sha wuta da rana.

Mu fara da shawarar dattawa. Taransifoma ita ce ƙaramin abu a cikin aikin. Kafin ta yi amfani sai an ja babban layi mai ƙarfin 33kV ko 11kV har garinku. Idan aka bar tazarar mita 50 zuwa 60 tsakanin falwaya da falwaya, kilomita 12 za ta ci falwaya 200 zuwa 240, da waya layi uku, wato kusan kilomita 36 na waya, ban da ƙarafuna da tangaran da ke riƙe ta. Sannan ga ƙananan layukan cikin gari. Karo-karon gida 300 ba zai ɗauki wannan ba. Ko da wani ɗan siyasa ya ɗauke muku, layin da ya ratsa daji babu mai gadi shi ne abin da ɓarayin waya ke nema, kuma iskar farkon damina ta kayar da falwaya biyu, sai ku yi watanni kuna jiran gyara.

A sani kuma, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya ba nauyin jama'a ba ne, nauyin kamfanin rarraba wuta ne, wanda a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna shi ne Kaduna Electric. Duk abin da kuka saya aka haɗa da layinsu ya koma ƙarƙashinsu, don haka kada a kashe ko kwabo sai da rubutacciyar yarjejeniya kan yadda za a mayar muku da kuɗinku. Bayan haka, an kasa masu shan wuta rukuni-rukuni: Band A ana yi musu alkawarin awa 20 a rana, Band E awa 4, kuma ƙauyen da ke ƙarshen layi ba ya cikin 'yan gaba. Arhar yunit ba ta da amfani ranar da babu wutar.

To, yanzu tashar sola. Ɗauki takarda ku yi lissafin gida ɗaya. Ƙwan fitila huɗu masu wat 7, awa biyar: wat 140. Fanka mai wat 60, awa shida: 360. Talabijin mai wat 50, awa huɗu: 200. Cajin waya, a ce 30. Jimla 730, yunit ɗaya kuwa wat 1,000 ne na tsawon awa ɗaya, wato bai kai yunit ɗaya a rana ba, kimanin yunit 22 a wata. Idan gida 200 suka shiga, ana maganar yunit 146 a rana, kuma kusan duka tsakanin magariba da tsakar dare. Nan gizo ke saƙa, domin a lokacin rana ta faɗi, komai daga batir yake fitowa, batir kuwa yana cikin kayan da suka fi tsada a tashar kuma shi ke fara mutuwa. Garin da wutarsa ta dare ce kawai, faifan solarsa kan cika batir tun kafin azahar, sauran wutar ta tafi a banza, kamfani ya ɗora dukan kuɗinsa a kan 'yan yunit ɗin dare. Abin da ke sa farashi ya yi tsada ke nan, kuma shi ke sa a watsar da tasha bayan 'yan shekaru.

Duba injin niƙa ɗaya mai mota (wato na'urar lantarkin da ke juya injin) ta doki goma, wato kilowat 7.5. In ya yi aikin awa huɗu ya sha yunit 30, daidai da gida arba'in, kuma da rana tsaka, kai tsaye daga faifan sola ba tare da an wahalar da batir ba. Ƙasarku ƙasar shinkafa ce da fadama. Injin casar shinkafa, famfon ban ruwa na noman rani, mai walda, mai ƙanƙara, mai firizar kifi, waɗannan su ne za su riƙe tashar, su sauke wa talaka farashi. Saboda haka kafin ku koma wurin kamfanin, ku zaga gari ku rubuta kowane inji da ke aiki da gas ko fetur, da ƙarfinsa, da awa nawa yake aiki, da litar man da yake sha. Wannan takarda ita ce ƙarfinku a wurin ciniki. Ku nemi a yi farashin rana ya fi na dare sauƙi, kuma kamfani ya taimaka wa masu injuna su sayi motar lantarki ta juya injinsu su biya sannu a hankali. Mai niƙa ba zai ajiye injinsa na gas ba in ba a sauƙaƙa masa ba.

Akwai tarko a nan. Motar lantarki lokacin tashi takan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ja in ta daidaita. Idan inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola da batir irin wadda ake amfani da ita a gida, ƙarama ce, mai niƙa na kunnawa gari duka zai ɗauke. Ku tambayi injiniyansu ko inbatar mai layi uku ce, da ko za a sa wa manyan injuna na'urar tashi a hankali. Wanda ya yi ta kame-kame a wannan tambaya bai zo da shirin sana'a ba.

Girman tasha kuwa, kilowat ɗaya na faifan sola a yankinku kan ba da yunit huɗu zuwa huɗu da rabi a rana bayan an cire asara. Idan aka haɗa gidaje da injuna, buƙatar yunit 200 a rana na neman kilowat 45 zuwa 50. Ƙurar hunturu kan rage wannan sosai, don haka dole a ɗauki wanda zai riƙa wanke faifan da sassafe, kuma a san inda ruwan zai fito. Batir ma a tambaya. Irin mai ruwan asid ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, kuma zafin Maris zuwa Mayu, da ke wuce digiri 40, yana rage masa kwana ƙwarai. Litiyom ya fi juriya, ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, amma shi ma yana son ɗaki mai iska.

Batun takardu. Dokar NERC ta ƙananan tashoshi, ta 2016 da aka sabunta a 2023, ta ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta wuce sai da cikakken izini. Ƙaramar ma tana iya neman izinin, kuma ya fi, domin shi ke kare tashar ranar da layin gwamnati ya iso garin. Ku tambaya ko kamfanin na cikin masu samun tallafin hukumar REA mai kula da wutar karkara. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disamba 2023 don shirin DARES na kai wutar sola ga wuraren da ba su da wuta, kuma wanda ya karɓi tallafi ya kamata a ga alamarsa a farashi. A rubuta a yarjejeniya, gaban mai gari da uban ƙasa: awa nawa za a ba da wuta, kwana nawa gyara zai ɗauka, wa zai sauya batir in ya mutu, yaya ake ƙara farashi, kuma filin tashar aro ne ko sayarwa.

Marasa ƙarfi kuwa, abin da ke hana su shiga ba kuɗin yunit ba ne, kuɗin haɗawa ne da na wayar cikin gida. Ku nemi a raba shi a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan a duk sayen kati, a kuma kawo ƙaramin allo da aka riga aka haɗa, mai soket biyu da wurin ƙwan fitila, wanda ake kafawa ko a bangon ƙasa. Kowa ya auna kuɗin katinsa da abin da yake kashewa yanzu a cajin waya da batirin tocila. A gargaɗi mutane kan hita da dutsen guga: kowanne wat 1,000 ne ko fiye, awa ɗaya ta cinye wutar gida ta yini. Rugage da unguwannin da suka yi nisa da gari kada a ja musu waya, wutar za ta isa da rauni. Su ƙaramar sola ta gida ta fi dacewa da su, mai faifai ɗaya da fitilu uku ko huɗu da wurin caji, irin wadda ake biya wata-wata har ta zama ta mutum.