Amsa: Me ya sa mutanen Chile suke girmama Violeta Parra haka?

Mai tambaya yana son sanin dalilin da ya sa ake ɗaukaka wannan mawaƙiya a ƙasar Chile, alhali ta rasu tun 1967. A ganina, ba zaƙin murya ne ya kai ta wannan matsayi ba, aikin da ta yi wa waƙoƙin karkara ne.

An haife ta ranar 4 ga Oktoba 1917 a kudancin ƙasar, kuma ta taso cikin talauci. A shekarun 1950, bisa shawarar yayanta Nicanor Parra, wanda shi kansa fitaccen marubucin waƙa ne, ta shiga ƙauyuka gida-gida da jita da littafin rubutu, daga baya har da rakoda, tana zama da tsofaffin manoma da tsofaffin mata har sai sun rera mata abin da suka gada, ciki har da waƙoƙin da ake yi idan jariri ya rasu. Da ba ta tattara su ba, da yawancinsu sun bi masu su kabari.

Ta kuma iya zane da ɗinkin ado a kan buhu, har aka baje ayyukanta a 1964 a gidan baje kayan ado da ke cikin fadar Louvre a Faris. A 1965 ta kafa babban tanti a La Reina, gefen Santiago, domin ya zama cibiyar al'adu, amma jama'a ba su zo kamar yadda ta zata ba. Ta kashe kanta a can ranar 5 ga Fabrairu 1967, 'yan watanni bayan fitowar shahararriyar waƙarta "Gracias a la vida". Yanzu ranar haihuwarta ce ranar mawaƙan Chile.