Amsa ga mai tambaya a kan mahaifinta da ƙafafunsa ke mannewa a bakin ƙofa

Assalamu alaikum. 'Yata, sai da na karanta tambayarki sau uku kafin na iya amsawa, domin abin da kika faɗa game da Baba, cewa da ya zo bakin ƙofa sai ƙafafunsa su manne da ƙasa kamar an kafe su, kuma ya faɗi sau biyu cikin wata guda a wajen alwala, shi ne abin da cutar Parkinson, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sandarar da jiki da rage motsi, ta sa nake fama da shi shekara shida ke nan. Kin tambaya ko sanda za ki saya masa ko keken guragu, kin ambaci cewa yana kukan jiri kuna karɓo masa magani a kemis, sannan kin ce wasu daga cikin 'yan'uwanki suna ganin da gangan yake yi, tunda wani lokaci yana tafiya lafiya lau. Da wannan na ƙarshen zan fara, saboda shi ya fi sosa mini rai.

Wallahi ba da gangan Baba yake yi ba. Mai cutar Parkinson yana iya fita da hantsi ya taka har bakin titi ya dawo, da la'asar kuma ya kasa ƙetare dokin ƙofar ɗakinsa, domin ƙarfin magani yana hawa yana sauka a jini, tafiyar kuma tana bin sa. Mai lafiya ba ya tunanin taku, ƙafarsa ce kawai ke tafiya, amma sashen ƙwaƙwalwar da ke gudanar da wannan aiki ba tare da tunani ba da sinadarin dofamin yake aiki, kuma shi ne ya yi ƙaranci a wurinmu. Zuciya tana cewa a tafi, ƙirji yana yin gaba, ƙafa kuma tana nan inda take tana ɗan rawa. Ƙofa, lungu, juyawa, cunkoso, da mutumin da ke cewa "yi sauri mana", su ne suka fi tayar da abin.

Ni a ƙofar masallacin Juma'a abin ya kayar da ni, a shekarar 2021. An sallame salla, jama'a sun taso gaba ɗaya, na iso wurin da ake ajiye takalma sai ƙafafuna suka tsaya cik. Ina jin mutane suna turowa ta baya, ina jin wani yana cewa tsohon nan ya tare hanya, ina so in ce a yi mini haƙuri amma muryar ma ta ƙi fita. Wani saurayi, wanda na tabbata taimako ya yi nufi, ya kama hannun rigata ya ja ni gaba, jikina ya tafi, ƙafafuna ba su bi ba, na kifa a kan takalman mutane. Wuyan hannuna na dama ya karye, goshina ya fashe, hulata ta yi nata wuri. Abin da har yau ban manta ba shi ne ina kwance na ji wani yana tambaya ko na sha wani abu ne. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta, kuma a cikin waɗanda suka tsaya a kaina akwai waɗanda na koya wa karatu. Hannun ya yi mako shida a ɗaure ya warke, amma na yi wata huɗu ban sake taka masallacin ba, kuma ko sallar asuba a unguwa sai na daina fita, ina zaune a ɗaki ina jin kiran salla ina hawaye.

To, a nan ne maganar jirin Baba ta shigo, kuma ina roƙon ki ki karanta wannan da kyau. Wata bakwai kafin faɗuwar nan na fara jin jiri idan na miƙe tsaye, sai na faɗa wa mai kemis ɗin unguwarmu, mutumin da a wurinsa nake sayen levodopa, maganin Parkinson, duk wata, wanda ya san sarai abin da ke damuna. Bai tambaye ni komai ba, bai ce in koma wurin likita ba, ya miƙo mini wasu ƙananan ƙwayoyi ya ce in riƙa sha safe da yamma. Da na koma na ce jikina ya ƙara sandarewa, sai ya ce ciwon ne ke gaba, ya ƙara mini wani a kai. Wata bakwai ina ba shi kuɗin fanshona yana ba ni abin da ke ɗaure mini ƙafa. Sai bayan karayar, da uwargidana ta juye ledar magungunana a gaban likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya ɗauki kwali biyu ya ware su gefe, ɗaya an rubuta prochlorperazine, ɗaya cinnarizine. Ya bayyana mana cewa irin waɗannan suna toshe aikin dofamin, wato suna rushe abin da levodopa ke ginawa, kuma ya ƙara da metoclopramide da ake bayarwa don amai. Na koma wurin mai kemis ɗin da hannuna a ɗaure na gaya masa, amsar da ya ba ni ita ce kowa ma shi yake sha idan yana jiri. Ko sannu bai yi mini ba. Na yafe masa saboda Allah, amma har yanzu idan na bi ta gaban shagon sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, domin ban san tsofaffi nawa yake miƙa wa ƙwayoyin nan ba.

Jirin kuwa ashe jinina ne ke faɗuwa idan na miƙe. An auna jinina ina kwance, aka sake aunawa bayan na tsaya, lambar sama ta awon jinin ta sauka da fiye da 20, kuma likita ya ce cutar kanta tana kawo haka, maganinta ma yana iya ƙarawa. Saboda haka ki tattara duk abin da Baba ke sha, har da na gargajiya da na hawan jini, ki kai wa likitansa a leda ɗaya, ki roƙa a auna jininsa a kwance da tsaye. Idan babu likitan jijiyoyi kusa da ku, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma tafiyar ta cancanci kuɗin motar. Kada kuma wani ya sa ku dakatar da levodopa rana ɗaya don an ga bai hana faɗuwa ba, yanke shi kwatsam yana da haɗari ƙwarai.

Idan ƙafarsa ta manne, don Allah kada kowa ya ja shi, kada a tura shi, kada a yi masa magana da yawa. A bar shi ya tsaya, ya daidaita tsayuwarsa, ya ja numfashi, ya karkata nauyinsa zuwa ƙafa ɗaya, sannan ya ɗaga ɗayar ya yi taku babba guda. Ma'aikaciyar sashen fisiyo, wato masu gyara motsin jiki ta hanyar atisaye, ce ta koya mini cewa ƙwaƙwalwa tana iya bi ta wata hanyar idan ido ya ga abin da za a tsallake ko kunne ya ji ƙidaya. Ni "hagu, dama, hagu, dama" nake yi a zuciyata, irin wanda nake yi wa yara a filin fareti, kuma jikana ya ja mini layuka da farin fenti a ƙasa daga bakin gado har ƙofar banɗaki, tazarar taku ɗaya tsakanin kowane biyu. Idan muna waje uwargidana takan sa ƙafarta a gabana ta ce in tsallake, kuma sau da yawa hakan yana sakin ƙafar. Wajen juyawa kada ya murɗa jiki a wuri ɗaya, ya zagaya da faɗi kamar mai kewaya turmi.

Na san maganin ya yi tsada, ni ma akwai watan da na riƙa raba ƙwaya gida biyu don ta kai ni ƙarshen wata, kuma na sha wahalar hakan, ban ba kowa shawarar ya yi ba. Abin da zai taimaka ba tare da ƙarin kuɗi ba shi ne lokacin shan sa. Nama, ƙwai, wake da nono suna gogayya da levodopa wajen shiga jiki, don haka ni ina sha kamar rabin awa kafin abinci, kuma da na daina haɗa shi da ƙosai da safe na ga bambanci a tafiyata. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana rage masa ƙarfi idan aka sha su tare. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da ya sha magani da lokacin da ƙafar ta manne, na mako biyu kawai, likita zai ga inda zai gyara.

Batun alwala kuwa, tsugunawa da miƙewa a kan siminti mai santsi su ne suke kayar da mu. A sa masa kujera mai ɗan tsayi da ba ta motsi, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, idan ya gama ya ɗan zauna kafin ya miƙe, idan ya miƙe ya ɗan tsaya kafin ya taka. A ɗauke tabarmi da dardumar da bakinsu ke naɗewa daga hanyarsa, a bar fitila a kunne da dare, a raba shi da silifas a saya masa takalmi mai kama dunduniya. Ni babbar riga ma na ajiye ta sai ranar Idi, domin hannun da ke tattare riga ba ya samun damar kama bango. Idan Baba yana jin nauyin yin salla a zaune kamar yadda na ji, ki tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Wannan hadisin ne ya mayar da ni masallaci, yanzu ina zama a kujera a ƙarshen sahu kusa da bango, kuma ba na tashi sai jama'a sun watse.

Sanda ko keke, kada ki saya tukuna. Sandar da na fara saya da kaina ta fi harɗe ni fiye da ta taimake ni, sai da masu fisiyo suka gwada tafiyata suka daidaita mini tsayinta suka koya mini yadda zan riƙa sa ta. Keke yana da ranarsa, kamar zuwa asibiti ko tafiya mai nisa, amma mutumin da har yanzu yake takawa idan aka zaunar da shi yini guda ƙafafun za su ƙara mutuwa, kuma zuciyarsa za ta karye. Ki nemi likita ya tura shi sashen fisiyo, su gan shi da idonsu su zaɓa masa. Yau da dare ki duba kwalayen maganin jirin nan, ki rubuto mana sunayen da ke jikinsu harafi da harafi, kuma ki karanta wa yayyenki abin da ya same ni a ƙofar masallaci. Ki gaishe mini da Baba, ki ce masa wani ɗan'uwansa a Zariya yana yi masa addu'a. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri.