Ga mai neman iyafis ɗinsa da ya ɓata: ka duba lokacin da ke ƙasan taswirar kafin ka buga ƙofar kowa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah Ya bayyana maka shi. Na karanta tambayarka: iyafis ɗinka marar igiya ya ɓace tare da gidan cajinsa, ka buɗe manhaja ta nuna maka shi a kan wani gini da ba ka taɓa shiga ba, kana so ka san ko ka tafi can, kuma ko za a iya ci gaba da bibiyarsa idan wanda ya ɗauka ya yi masa risetin, wato ya goge saitinsa ya mayar da shi kamar sabo. Ba ka faɗi samfurinsa ba, alhali rabin amsar a nan take. Na daɗe ina amfani da irin waɗannan na'urori, na Apple da na Samsung, na kuma taya mutane neman nasu, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin komai, kada ka cire shi daga akawun ɗinka da ke cikin manhajar nema. Kada ka danna wajen cirewa a cikin manhajar, kada kuma ka sa wayarka ta manta da shi a saitin Bluetooth. Mutane da yawa idan takaici ya kama su sai su goge, wai don kada ɓarawo ya ga sunansu. Wannan kyauta ce ka yi masa. Muddin sunan na'urar na nan a akawun ɗinka, igiyar da ta haɗa ku ba ta tsinke ba.

Sai kuma abin da ya fi rikita mutane. Babu GPS a cikin iyafis, babu layin waya, ba ya hawa intanet da kansa. Bai san inda yake ba. Abin da kawai yake iyawa shi ne fitar da siginar Bluetooth mai rauni, wadda a fili take kaiwa kamar mita 10, ta ragu sosai idan akwai bango a tsakani. Kamar ɗan akuyar da ya ɓace yana kuka ne: shi bai san inda yake ba, wanda ya ji kukan ne zai ce daga wajen nan na jiyo shi. To ɗigon da kake gani a taswira wurin da wata waya take ne a lokacin da ta jiyo shi. Wayar nan ko dai taka ce a haɗuwarku ta ƙarshe, ko ta wani baƙo da ya gifta kusa da shi.

Shi ya sa nake cewa ka karanta ɗan rubutun da ke ƙasan sunan na'urar, inda aka sa lokaci. Idan ya ce jiya da yamma kuma bai sake motsi ba, tarihi kake kallo. Idan kuwa lokacin na sabuntuwa, yanzu ya ce mintuna kaɗan da suka wuce, anjima ya sake canzawa, to na'urar na da sauran caji kuma wayoyi na jiyo ta. Waɗannan hali biyu ne daban, matakinsu ma daban.

Idan AirPods ne, ka duba wane zubi ne. Na farko da na biyu ba su da komai sai wurin da suka rabu da wayarka, kuma da zarar an sa su a gidan caji an rufe murfi, sun yi shiru ke nan. Tun daga 2021 ne Apple ya shigar da AirPods na uku da AirPods Pro da AirPods Max cikin hanyar nan ta Find My, wadda kowace iPhone ko iPad ko Mac da ta wuce kusa take ɗaukar siginar ta aika wurin a ɓoye, ba tare da mai wayar ya sani ba, shi ma Apple ɗin ba ya iya karantawa, sai kai mai akawun. AirPods Pro na biyu, wanda ya fito a 2022, ya ƙara da abin da ya fi amfani: gidan cajin kansa yana da 'yar lasifika da ke ƙara, kuma a yawancin wayoyin iPhone daga iPhone 11 zuwa sama, wayar za ta nuna maka kibiya da nisan da ya rage. A Samsung, Galaxy Buds na bin SmartThings Find, su kuma wayoyin Galaxy na wasu ne ke jiyo su, da sharaɗin ka kunna neman na'ura ko ba ta haɗe da waya tun kafin ta ɓata. Google ya buɗe tasa hanyar a 2024, ya sauya mata suna zuwa Find Hub a 2025, amma ba kowane iyafis ke cikinta ba, kuma yadda aka saita ta tun farko ta fi aiki a wurin da ke da cunkoson wayoyi. Sauran iyafis masu sauƙi, waɗanda su ne a kunnen yawancin mutane, iyakarsu wurin haɗuwa na ƙarshe, wasu ko wannan babu. Idan kuma AirPods ɗin jabu ne, ko da yana fito da hoton nan mai kyau a allo idan an buɗe murfi, kada ka dogara da shi a Find My.

Ka lura da abin da wannan ke nufi: ƙarfin bibiyar ya dogara da yawan wayoyi irin na kamfanin a inda na'urar take. A filin jirgi ko babban ofis za ka ga ɗigon na sabuntuwa a kai a kai. A wurin da masu irin wayar ba su da yawa, sai ya yi shiru tsawon lokaci, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

Yanzu batun zuwa ginin. Ra'ayina, kuma da gaske nake, kada ka je ka tuhumi kowa da hujjar ɗigon taswira. Ɗigon nan yana da da'ira a kewayensa, da'irar kuwa takan haɗiye gidaje da yawa. Ba ya nuna hawa na nawa ne a bene, ba ya nuna ɗaki. Wayar maƙwabci na iya jiyo siginar ta cikin bango, ɗigon ya sauka a kan gidansa, shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani abokin aikina ya taɓa ganin nasa a taswira da daddare a wata unguwa, ransa ya ɓaci, ya gama yanke hukuncin wanda ya ɗauka, domin akwai wanda ya sani a wajen. Na ce ya dakata mu ga abin da ɗigon zai yi. Da safe sai ga shi ya biyo titi ya dawo daidai wajen ajiye motoci na ofishinmu, da yamma ya sake komawa can. Ɓarawo ba ya kawo maka kayanka bakin ƙofa kullum. Ashe gidan cajin ya zame daga aljihunsa ranar da wani ya rage masa hanya, ya maƙale a tsakanin kujera da ƙarfen da kujerar ke zamewa a kai. Mai motar bai ma san yana yawo da shi ba. Da an yi gaggawa, da zumunci ya lalace a banza. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a nan da na'urar kanta ba ta da tabbas.

Don haka ka sa ido a kan yadda ɗigon ke tafiya, ba wuri ɗaya ba. Duk lokacin da ya sabunta ka ɗauki hoton allo, lokacin ya fito a ciki. Ka tambayi kanka: wa na zauna da shi ranar, wace mota na shiga, wa ya ari jakata ko rigata? Idan kana kunna tarihin tafiye-tafiye a Google Maps, ka duba inda ka bi ranar ka gwada da ɗigon. A abin da na gani, yawancin abin da ake kira sata faɗuwa ce, wani ya tsinta bai san mai shi ba.

Saboda irin wannan mai tsintuwar ne ya kamata ka kunna yanayin ɓata, wanda Apple ke kira Lost Mode, idan naka na cikin waɗanda ke hanyar Find My. Za ka sa lambar waya ko imel da ɗan saƙo, wanda ya yi ƙoƙarin haɗa shi da iPhone zai iya gani. Ka rubuta saƙon da ladabi, ka ce akwai tukuici, ka bar zagi da barazana. Mutumin da ka kira ɓarawo ba zai kira ka ba. Amma ka sani wannan ba kulle ba ne irin na waya. Sauti zai ci gaba da fita, mutum zai iya jin waƙarsa. Wannan ya kawo mu tambayarka ta risetin. A AirPods ɗin da ke cikin hanyar Find My, danna maɓallin risetin da ke bayan gidan cajin ba ya raba su da akawun ɗinka, kai kaɗai ke iya cire su, kuma wanda ya sa su a iPhone ɗinsa zai ga sanarwar cewa suna haɗe da akawun wani. A yawancin sauran iyafis kuwa, risetin ya gama magana, sun zama na wanda suke hannunsa. Akwai kuma abin da ya kamata ka sa a lissafi: saboda kare mutane daga masu bibiyarsu a ɓoye, iPhone kan sanar da mai ita idan AirPods na wani sun daɗe suna tafiya tare da shi. Ke nan wanda ya ɗauka zai iya gane ana ganinsa, ya yar ko ya sayar.

Game da maɓallin sa shi ya yi ƙara, ka san lokacin taɓa shi. Idan kana zaton a gidanka ko motarka ya faɗi, shi ne babban makaminka. Ka kashe fanka da talabijin, ka sa kowa ya yi tsit, domin ƙarar 'yar siririya ce, tana farawa a hankali tana ƙaruwa. Matashin kujera ko tulin tufafi na iya shanye ta gaba ɗaya. Ka kashe ƙarar ɓangare ɗaya ka saurari ɗayan, na hagu daban na dama daban. Na taɓa samun guda a cikin naɗin ƙafar wando da aka ninke aka sa a durowa, sai da na durƙusa na kara kunne a jikin katakon kafin na jiyo shi yana ɗan tsiwa. Amma idan kana zaton yana hannun wani, kada ka taɓa maɓallin daga nesa. Ba abin da za ka samu sai sanar da shi, kuma ƙarar na iya cutar da kunnen mutum idan yana sanye da shi.

Ga masu iyafis marar manhajar nema, akwai 'yar dabara idan abin na kusa kuma ba ya cikin gidan cajinsa. Manhajojin da ke auna ƙarfin siginar Bluetooth suna nuna lamba mai alamar ragi. Kusan -90 na nufin yana nesa ko akwai shinge, -50 ko -40 na nufin ka kusa taka shi. Ka riƙa tafiya a hankali, ka tsaya ka bar lambar ta natsu kafin ka ƙara taku, domin jikinka ma yana tare siginar idan ka juya baya. Sai dai ka yi sauri. Batirin 'yan kunnen awoyi kaɗan yake yi idan ana sauraro, ya ɗan fi haka idan a ajiye suke, kuma da ya mutu babu manhajar da za ta jiyo shi.

Idan bayan duk wannan ɗigon ya tsaya a wuri ɗaya da ba ka da alaƙa da shi, yana ta sabuntuwa, to ka tattara hujjarka: kwalin da ya zo a ciki, rasit, lambar siriyal, da hotunan allon nan. Lambar tana jikin kwali, a AirPods kuma tana nan a bayanan na'urar cikin saitin wayarka. Idan wurin ofis ne ko makaranta ko otal, ka fara da masu kula da wurin ka tambaya ko an kawo tsintuwa. Idan gidan mutane ne, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka kwashi abokai a je a tayar da hankali. Ba zan ɓoye maka ba, ba kowane lokaci ake ba ƙaramin kaya irin wannan muhimmanci ba, amma lambar siriyal ita ce kaɗai za ta tabbatar naka ne idan aka same shi, tunda duk kamarsu ɗaya.

Wani abu da ke ƙona mini rai shi ne masu cin kasuwa a kan wanda ya yi asara. Tunda ka yi wannan tambayar a fili, kada ka yi mamaki idan wani ya biyo ka ta saƙon sirri ya ce zai gano maka shi da lambar siriyal idan ka biya. Ƙarya ce. Lambar siriyal ba ta fitar da sigina, kamfanonin da suka ƙera ma ba sa bibiya da ita. Haka idan ka sa lambarka a saƙon ɓata, wani zai iya turo maka saƙo mai kama da na kamfani, wai an ga na'urarka, ka danna nan ka shiga akawun. Kalmar sirrinka suke nema, don su cire na'urar su kuma shiga sauran kayanka. Ka duba komai daga cikin manhajar da ke wayarka kawai.

Idan ƙarshe ɓangare ɗaya ka samu, ko 'yan kunnen ba gida, kada ka yar da abin da ya rage. Apple na sayar da ɓari ɗaya ko gidan caji shi kaɗai, sai a haɗa shi da tsohon, wasu kamfanonin ma suna yi ta cibiyoyin gyaransu. Garanti dai ba ya biyan ɓata ko sata. Duk wanda ke karanta wannan kuma nasa na hannunsa, ya buɗe manhajar yau ya tabbatar na'urar ta fito a ciki, ya kunna sanarwar nan da ke faɗakar da kai idan ka tashi ka bar shi, ya ɗauki hoton kwalin.

Kai kuma ɗan'uwa, ka dawo ka faɗa mana samfurin iyafis ɗin da irin wayarka, da abin da lokacin ƙasan taswirar ya ce, da ko ɗigon ya motsa tun da ka fara gani. Ka rufe sunan titin idan za ka sa hoton a nan. Da waɗannan zan iya gaya maka ko akwai sauran abin jira.